Noman Da Na Yi Wa Bangon Otal

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na je neman aiki bakin teku ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, mutanen gidanmu ba za su bar ni ba. Har yau idan muka yi baƙi, yayana Habu sai ya ɗaga murya ya ce, "Kowa ya ɓoye shukarsa, ga manomiya nan ta fito."

Sai na fara kai ku saman gidanmu kafin ku gane laifina. A unguwar Mansur aka haife ni, cikin Makka, inda gida ke jingine da gida, babu filin da za ka dasa ko albasa. Amma mahaifiyarmu, Umma, jinin manoma ce, ba ta iya zama ba ta ga kore ba. Da ta rasa ƙasa sai ta kama bango. Ta tattaro jarkokin ruwan da alhazai ke yarwa, ta yanke su, ta huda gindinsu, ta rataye su layi bisa layi a bangon rufin gida. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ta jawo shi da siririn tiyo zuwa layin sama, na sama ya ɗiga wa na ƙasa. A nan muke samun rama da yakuwa da lalo da na'ana'a, a garin da rana ke iya gasa ƙwai a kan mota.

Aikina tun ina ƙarama shi ne cirar ciyawa, babbar abokiyar gabata kuma ita ce rijila, wata ciyawa mai jan kara da ganye mai kauri, wadda ke rarrafe ta shaƙe duk abin da ta tarar. Doka biyu Umma ta kafa mini a kanta: ba a ganinta a wuce, kuma ba a zubar da ita, domin miya ce. Dokar nan ta shiga hannuna har ta daina bi ta kaina. Ina waya ina cira, ina faɗa da Yaya Habu ina cira. (Na taɓa tsintar kaina ina cirarta a tukunyar furen ƙofar asibiti, ina jiran layi.) Duk da haka kunyar lambun nan nake ji. Ban taɓa hawa da ƙawayena na makaranta sama ba, don kada su ga jarkoki.

Da na gama karatu, aikin da na samu na lokacin Hajji ne kawai. In je Mina in yi wa alhazanmu tafinta, in nemo tsohuwar da ta ɓata tsakanin tantuna, a gama a naɗe komai, in dawo gida in zauna har wata shekara. Zaman nan ya ishe ni, ya ishe ni ƙwarai. Ina son aikin da zan tashi kowace safiya in tafi, ba wanda sai an ga wata ba.

Yaya Habu direba ne a wani otal na shaƙatawa a bakin teku, can gaba da Jidda. Irin sababbin wuraren nan ne da ke alfahari da cewa ba sa ɓarnar ruwa, wutarsu daga rana take, kuma ba a jefa ko leda a teku. Wata rana ya dawo ya ce suna neman masu zagayawa da baƙi, kuma suna son mai jin Hausa, saboda mutanenmu da yawa idan sun gama Umra sukan je su huta kafin jirginsu.

"Na sa baki an rubuta sunanki," in ji shi. "Amma don Allah, ki zauna kamar 'yar mutane. Kada ki taɓa musu komai."

Na ji haushin maganar. Ni yarinya ce da zan taɓa musu abu?

Na ari sabuwar abaya, na sayi farar jaka, na kwana ina haddace kalmomin kiyaye muhalli. Umma kuwa kafin gari ya waye ta gama shaida wa maƙwabta har da mai gasa tsire na bakin titi cewa 'yarta ta samu aiki.

"Umma, ganawa ce fa kawai, ba a ɗauke ni ba tukuna."

"Halas, an gama, ya binti, 'yata. Wa ya fi ki baki a garin nan?"

Da muka isa, abin da ya fara tare mini ido bango ne. Bango guda, daga ƙasa har sama, a farfajiyar da ke kallon teku, ya lulluɓe da ganye da furanni ba ka ganin siminti ko kaɗan. Na tsaya baki buɗe. Da na matsa kusa kuwa sai dariya ta kusa kama ni: 'yan aljifai ne na kauri layi bisa layi, kowanne da ƙasarsa, ga siririn tiyo yana ɗiga daga sama zuwa ƙasa. Lambun Umma ne, an dai sa masa kayan sallah.

Aka zaunar da mu masu neman aiki, ana kiran mu ɗaya bayan ɗaya. Ni kujerata ta faɗo can ƙurya, jikin bangon. Ina zaune ina maimaita haddata, sai na waiga. Daidai kafaɗata, ga jan kara, ga ganye mai kauri, tana rarrafe daga aljihu zuwa aljihu hankalinta kwance.

Rijila!

Wallahi tausayinsu ne ya fara kama ni. Duk wannan ƙawa, a ce babu mai cire musu ciyawa? Na ce bari in cire guda ɗaya kawai. Na kama ta daga tushe yadda aka koya mini, na girgiza a hankali, ta fito da saiwarta cif. Daɗin da na ji, sai wanda ya san cirar ciyawa a jiƙaƙƙiyar ƙasa zai gane. Na cire ta biyu. Daga nan kuma ban san sauran ba. Kafin a kira sunana na share layin nan kaf, na haɗa da rabin na ƙasansa.

Sai ga ni da ciyawa cike da hannu, babu kwandon shara a kusa. Ko da akwai ma, ai ba a zubar da ita. Na buɗe farar jakata na cusa, na danna, na ja zik. Har ina raya wa kaina cewa idan hira ta yi daɗi zan ɗan sako zancen, su san sun samu mai kishin aiki.

Ganawar ta yi kyau, kada in rage wa kaina. Na yi Larabci, na yi Hausa, na zuba haddata har shugaban wurin yana gyaɗa kai. Bayan an gama aka ce duk mu fito, injiniyar da ke kula da lambun, wadda suke kira Muhandisa Rim, za ta nuna mana abin da ake fara nuna wa kowane baƙo. Wasu baƙi ma suka biyo mu, cikinsu har da wata Hajiya 'yar Sakkwato da sandarta. Ga Yaya Habu can gefe yana sauke akwatuna, yana yi mini murmushin ƙarfafa gwiwa.

Muhandisa Rim ta tsaya ta juya wa bangon baya, ta fara bayani da murya mai cike da farin ciki. Ta ce duk furannin nan ado ne, abin alfaharinsu wata 'yar shuka ce ta bakin teku wadda ke shan ruwan gishiri ta rayu. Ta ce da ƙyar suka samu izinin ɗebo 'yan rassanta, suka yi ta reno duk tsawon lokacin zafi, yawancinsu suka mutu, layi guda da rabi ya tsira. Idan ta kama, in ji ta, wata rana za a lulluɓe bangayen garuruwan bakin teku da kore ba tare da an taɓa ruwan sha ba.

Tun daga "layi guda da rabi" na tuna abin da ke cikin jakata.

"Za ku gane ta da jan kara da ganye mai kauri," ta ce, ta juya ta miƙa hannu. "Ga ta n..."

Aljifai ne kawai, baki buɗe, a share tas. (Ko a wannan hali sai da na lura aikin ya yi tsabta.)

Kowa ya zuba wa aljifan ido. Muhandisa ta taɓa aljihu ɗaya, ta taɓa na biyu, tana cewa, "Ina take? Da safen nan na gan ta!" Shugaban ya ce a je a duba na'urar ɗaukar hoto. Ni kuwa na rungume jakata a ƙirji, ina kallon sama kamar mai nazarin furannin can ƙololuwa. Sai na ji an taɓa ni da sanda. Hajiya 'yar Sakkwato ce, da muryarta da ta cika farfajiyar.

"Ɗiyar ga, jikkarki na ɗiga."

Na duba. Ruwan taɓo yana bin abayar aro, yana sauka ɗis, ɗis a kan farin daɓe. Ga wani jan kara ya leƙo ta bakin zik, da ɗan furensa. Duk idanu suka dawo kaina. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma daɓen otal ɗin mai ƙwari ne.

Na buɗe jakar. Me ya rage?

"Na ɗauka rijila ce," na ce.

"Rijila," in ji Muhandisa a hankali. "Tayyib, na ji. To me ya kai ta cikin jakarki?"

Akwai amsoshi masu yawa da mai hankali zai iya bayarwa. Ni ga wadda ta fito daga bakina: "Miya za a yi."

Dariya ta ɓarke. Hajiya har da jingina da sanda tana share hawaye. Na nemi Yaya Habu, sai na hango ƙafafunsa kawai a bayan tulin akwatuna. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, ita ce Muhandisa. Idonta ya cika da ƙwalla, kuma wannan ya fi dariyar duka yi mini ciwo. Na san yadda Umma ke yi idan zafi ya kashe mata yakuwa.

Ta zaro guda daga jakar, ta juya ta, ta duba saiwar. Sai ta ce, "Durƙusa ki mai da su. Yanzu."

Haka na durƙusa a gaban abokan neman aikina, cikin abayar mutane, ina dasa abin da na tuge. Ita ma ta durƙusa gefena tana miƙo mini, sai can ta tambaye ni inda na koyi cira ba tare da tsinka saiwa ba. Da yake ba ni da sauran mutuncin da zan kare, sai na goge hannu a abaya, na buɗe waya na nuna mata jarkokin Umma. Ta daɗe tana kallo. Ta tambayi inda ruwan ke fitowa, na faɗa mata. Ta miƙo mini wayar.

"Idan suka mutu, ba na son in sake ganinki," ta ce. "Idan suka rayu, za mu yi magana."

Daga bakin teku har Makka Yaya Habu idonsa na kan titi. Sai da muka shigo Mansur ya ce, "Abu ɗaya na roƙe ki. Ɗaya tak." A gida kuwa Umma ta zazzage jakar, ta tsinci wani ganye da ya maƙale, ta tauna ta tofar.

"Wannan gishirin ne rijila? Ke ba ki ga ganyenta ya fi na rijila tsawo da tsini ba ne? Ashe duk shekarun nan da ka kike cira."

Kwanakin da suka biyo baya, ni da na tashi ina yaƙi da ciyawa, na koma yi wa ciyawa addu'a. Har Harami na je, na zauna cikin mutane masu roƙon lafiya da zuri'a da gafara, ni kuma ina cewa ya Allah ka raya shukar nan. Maƙwabta na tambayar Umma yaushe zan fara aiki, tana ce musu ana gyara mini ofis.

Wasu sun mutu. Mafi yawa sun rayu, har suka yi sabon toho. Muhandisa da kanta ta kira ni, ba ta tsaya dogon gaisuwa ba ta ce, "Ki zo ranar Lahadi. A gaban bangon za ki tsaya, inda zan riƙa ganin hannuwanki."

Yanzu aikina ke nan, rani da sanyi. Ina nuna wa baƙi yadda ruwa ke sauka daga layi zuwa layi, in ba su labarin shukar da ke shan gishiri, wadda ta kusa rufe sashe guda na bangon. Akwai ɗan allo a gefe da ke cewa a kalla da ido kawai, da Larabci da Turanci da Hausa. Na Hausar ni aka sa na rubuta, kuma kowa a wurin ya san dalili.

Kwanan baya na kai Umma ta ga wurin. Ta zagaya, ta ɗaga kai, ta taɓe baki ta ce ba laifi, amma da sun sa yakuwa. Na juya in amsa wa wani baƙo tambaya, ina waiwayowa sai na ga tana ƙulle wani abu a bakin mayafinta, ga jan kara ya leƙo.

"Umma!"

"Iri ne kawai, ya binti. Ai ba tugewa na yi ba, kamar wasu."

Muhandisa tana tsaye a bayanmu, ta ga komai. Wannan karon ta yi dariya, ta je ta kawo mata reshe biyu a ɗan kofi.

Abin da na koya shi ne, idan ka je gidan mutane ka ga ciyawa, ka fara tambaya ko ajiye ta aka yi, kuma ka tambaya hannunka na baya. Shukar tana nan saman gidanmu a jarkarta ita kaɗai, Umma na jiƙa mata gishiri kowace safiya. Ni kuma an hana ni zuwa kusa da ita.