Rufin da Na So In Gyara a Negeri Sembilan

Ni kafinta ne, kuma a lokacin ina jin babu rufin da zai ɓoye mini cutarsa. Wata Umarar azumi aka tura ni da abokin aikina Sahabi gyaran ƙofa a masaukin baƙi kusa da unguwar Tandabawi, a nan ƙasa mai tsarki. Masu ɗakin wani dattijo ne da matarsa, 'yan Malesiya, daga jihar Negeri Sembilan. Na dame su da tambaya cikin guntun Larabcinmu: akwai duwatsu a can? Akwai teku? Dattijon ya ce duk akwai, ya nuna mini hoton wani gidan katako a waya.

Na ƙura ido. Tsakiyar rufin ta lotsa, gefe biyu sun miƙe sama. Na gyara murya na ce, "Alhaji, wallahi kafintanka ya cuce ka. Gidanka ba zai kai damina ba." Har na zana masa inda za a tokare shi.

Hajiya ta sauke tabarau ta ce, "Gidana ne, na kakata. Mu ƙabilar Minangkabau, mata ke gadon gidan kaka. Rufin kuma siffar ƙahon ɓauna ce, da gangan aka yi."

Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, "Ni ma baƙo ne a ciki, ya akhi."

Sahabi ya fice, ina jiyo dariyarsa daga matakala. Har yau a unguwarmu Utaibiyya, in aka wuce da rago mai lanƙwasasshen ƙaho, sai wani ya ƙwala mini kira: "Injiniya, zo ka miƙe masa!"