Bangon da Ya Sha Humra

Duk Maiduguri babu mai kishin gargajiya kamar Alhaji Umara Tahir. In kana shakka, tambaye shi. Babban dillalin tayil ne a Kasuwar Litinin, kuma shi ne ya rushe gidan ƙasar mahaifinsa a Umarari ya dasa bene mai shuɗin gilashi, don a lokacin ƙasa ta talaka ce. Sai Allah ya kai shi wani otal a ƙasar waje, ya ga Turawa suna rububin kwana a ɗakin laka. Ya dawo da sabon suna da ya raɗa wa kansa: Garkuwan Gargajiya. 'Yan kasuwa, da yake ba su da ladabi, Alhaji Asali suke ce masa.

Ya sayi fili a bakin tafkin Alau. Akwai wata ƙungiyar masu son ginin gargajiya da ke liƙa allon tagulla a gini ɗaya tak kowace shekara, shi kuwa tun ba a haƙa tushe ba ya shaida wa duk kasuwa cewa allon bana nasa ne.

Ya ɗauko Ba Madu, wani tsohon magini daga Gamboru, wanda ya zo da jakinsa mai jigilar ƙasa.

"Siminti ko cokali ɗaya ba na so," in ji Alhaji. "Tubali da azara, yadda kakannina suka yi. Ni gini a jinina yake, Ba Madu. Kallo ɗaya nake wa bango in faɗi shekarunsa."

Bango ya tashi lafiya lau, har aka zo yaɓe. Ba Madu ya kwaɓa ƙasa da yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, ya bar ta kwana bakwai tana ruɓa, don haka ake yi yaɓe ya kama. Ranar nan Garkuwa ya sauko daga mota cikin farar babbar riga, iska ta kaɗo, ya toshe hanci. Da aka gaya masa abin da ke cikin kwaɓin, saura kaɗan hularsa ta faɗi.

"Kashin jaki? A bangon da manyan ƙasar nan za su jingina? Mu mutanen Barno da ƙamshi aka san mu! Ciyawar ma a cire, abincin dabba ce."

Ya sa aka tankaɗe sabuwar ƙasa kamar garin tuwo, ya kwaso jarka biyu na humrar da matarsa Hajja Inno take sayarwa, ya ce da ita za a kwaɓa.

"Alaji, humra ba ta riƙe ƙasa," in ji Ba Madu.

"Kai Gamboru ka sani. Ni na zaga duniya."

Tsoho ya yi yadda aka ce. Wancan kwaɓin da aka ƙi kuwa, don kada ya tafi a banza, ya yaɓe wa jakinsa ɗan ɗaki da shi a can bayan gida.

Gida ya yi kyau, a faɗi gaskiya: soro uku, tagogi suna kallon ruwa, ƙamshi har masunta suna tsayar da kwalekwale su shaƙa. Alhaji yakan kawo baƙi ya sa su sunsuna falo. Da rana ta fara tsattsaga yaɓen, ya ce ai zane ne irin na mutanen da.

Ana gobe 'yan ƙungiya za su zo, da la'asar, aka yi ruwan farko.

Da safe shugabansu, Dakta Pindar, ya iso da mutanensa. Suka tarar yaɓe ya zame ya taru a gindin bango, tubali tsirara a waje. Ƙamshin dai yana nan, bai ragu ba.

"Abin da kuke gani da gangan ne," in ji Garkuwa yana buɗe hannuwa. "Gini ne mai numfashi." Bai rufe baki ba wani ɓangare ya ɓantaro ya binne masa takalmi.

Dakta Pindar ya zaga baya, wai ya ba shi wuri ya kakkaɓe. Can ya ci karo da ɗakin jaki, sumul, ko tsaga ɗaya babu. Ya shafa, ya ƙwanƙwasa, ya kira mutanensa, sannan ya juya ga Ba Madu da ke tsaye gefe.

"Rabona da irin wannan yaɓe tun ina yaro a Biu. Baba, me ka sa a ciki?"

Ba Madu ya nuna jakin da haɓa.

Nan aka liƙa allon tagulla. Alhaji ya tuna kasuwa, ya tuna abin da ya faɗa mata, ya taho da gudu da laka har idon sawu.

"Wannan ma ni na tsara shi!"

Ya tsaya a bakin ƙofa ya gyara riga. Daidai lokacin da za a ɗauki hoto, mai ɗakin ya leƙo da kansa ta gefen kafaɗarsa.

Hoton yana nan rataye a shagon tayil, kuma a yi wa Alhaji adalci, allon a filinsa yake. Sai dai in baƙo ya tambaya wane ne ya ba da gudummawa a ginin, 'yan kasuwa na hagu suke nunawa, mai dogayen kunnuwan.