Sarkin Ƙofar Baya

A duk unguwarmu ta tsohon Tashkent babu mai hanya kamar Mirsodik Kambarovic. Wasu suna da kuɗi, wasu suna da ilmi, shi yana da mutane. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ma'aikatar ruwan noma yana mataimakin shugaban sashen raba fom, kuma ba a taɓa jin fom ɗaya ya fita daga hannunsa bai sha zaman jira ba. Tafiyarsa ta ƙasaita ce, tarinsa ma na manya ne. In ya ce maka "bari in ga abin da za a iya yi," sai ka koma gida ka shaida wa matarka an gama. Maƙwabta suna ce masa Sarkin Ƙofar Baya, shi kuma ya amsa da ɗan sunkuyar da kai, don a zatonsa sarauta ce.

Gara in faɗa tun yanzu, ni ne Mirsodik ɗin. Amma zan ci gaba da ce masa "shi", domin kunyar wani ta fi sauƙin ɗauka. Gwano ba ya jin warin jikinsa, sai dai in ya ja baya ya kalli kansa kamar maƙwabci.

A Babban Kanti aka naɗa wannan sarauta, benen nan mai hawa huɗu na tsakiyar gari mai agogo a goshi. Zamanin Sobiyet in ka shiga ta gaba ba za ka tarar da komai ba sai bokitin ƙarfe da takalmin da ba ya shiga ƙafar kowa. Kayan kirki yana ƙarƙashin kanta. Talaka ya shiga ta gaba, ya bi layi, ya fito da haƙuri. Mai hanya ya zagaya ta baya, ya hau matakalar ma'aikata, ya yi raɗa. Mirsodik yana da Zumrad Alimovna a hawa na uku, sashen tangaran, kuma ta hannunta ya samo wa rabin unguwa kwanukan aure, ya samo wa limamin masallaci ganyen shayin Indiya. A lokacin in ya ratsa layi da kwali a hammata, har 'yan lido na gidan shayi sai sun miƙe.

Daga baya ƙasa ta sake, kaya suka cika gari har suna neman mai saye. Kowa ya ji labari ban da Mirsodik. Ya yi ritaya da fanshon da ba ya kai ƙarshen wata, mutanensa na ofis wasu sun rasu, wasu sun daina ɗaga waya, amma sau biyu ko uku a shekara yana zagayawa ta bayan Babban Kanti ya fito da kwali. Bai taɓa taka ƙofar gaba ba tun yana da baƙin gashi. Sabo, in ji masu magana, turken wawa.

Bana aka sa ranar auren autansa Javlon da wata 'yar ajinsu a jami'a. Uban yarinyar, Normurod, manomin rumman ne daga Denov, mai manyan motoci uku da hannu kamar faranti. Ya iso gidan da rago da buhun goron turawa da kwalin rumman shida, ya zauna a kan shimfiɗa yana magana a hankali irin ta wanda ba ya bukatar kowa ya san yana da shi. Mirsodik ya dubi ragon, ya dubi bangon tsakar gidansa da ke zubar da fenti, ya yi tarin nan nasa na manya. Tsoro ne, in za a faɗi gaskiya. Tsoron kada mutumin nan ya koma ƙauye ya ce ya ba da 'yarsa gidan da babu komai sai tari.

Ana cikin shan shayi Normurod ya ce gobe zai leƙa kasuwa ya sayi kayan shayin amarya, buta da kofunan tangaran, irin mai furen auduga, shuɗi da ruwan zinari, na mutum goma sha biyu. Allah ya kawo wa Sarki ranarsa.

"Kasuwa?" in ji Mirsodik, ya ajiye kofi. "Suruki, ka yi mini rai, kada ka sake faɗin haka a gidan nan. Abin da aka shanya a fili na 'yan kallo ne. Na gaske ba ya ganin rana. Tashkent ba Denov ba ce, a nan kuɗi ba ya buɗe ƙofa, fuska ke buɗewa. Ka bar kuɗinka a aljihu har sai na ce ka fito da shi. Ina da mutum."

Matarsa Sayyora, wadda ke zuba shayi, ta ce, "Baban yara, ko ka bar shi ya..."

"Uwar yara, da tsohuwar zuma ake magani."

Ta ɗauki buta ta fita. Ya ɗauka ladabi ne.

Da safe ya sa kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya maƙala lambar yabon da ma'aikata ta ba shi, ya buɗe kabad ya ɗauki kwalin cakulan, don ba a zuwa wajen mutum hannu rabbana. Suka fito daga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ga Babban Kanti a gabansu, ƙofofin gilashi suna buɗe kansu suna rufewa, jama'a na shige da fice. Normurod ya nufi can. Mirsodik ya kamo hannun rigarsa kamar mai ceton makaho daga bakin rijiya, ya ja shi cikin lungu.

Lungun yana nan yadda ya san shi: garewanin shara, tulin kwalaye, maguna, da ruwan da ba a san daga ina yake tsatsowa ba. Normurod ya tsoma sabon takalminsa a ciki har idon sawu, ya zaro ƙafa ya ci gaba da binsa. A bakin ƙofar ƙarfe wani maigadi mai furfura yana kallon ƙwallo a waya. Ƙofar a buɗe take hanhai, an tokare ta da bulo. Duk da haka Mirsodik ya ƙwanƙwasa sau uku, ya sunkuya, ya zura wa maigadin kwalin taba a aljihu.

"Wajen Zumrad Alimovna," ya raɗa. "Ana sane da zuwanmu."

Maigadin bai ɗaga kai ba. "Aka," ya ce, wato yaya a yarenmu, "ai ta gaba akwai matakala mai tafiya da kanta."

"Ka ji ko?" Mirsodik ya ce wa surukinsa da suka shige. "Dole ya faɗi haka saboda masu sauraro. Yaro ne mai hankali." Yaron ya kusa saba'in.

Har hawa na uku suka hau ta matakala mai duhu da warin fenti. Sarki a gaba yana bayanin manyan da ya taɓa gogayya da su a wannan matsatsi, Normurod a baya yana dafa bango yana haki. A hawa na biyu ya tsaya ya murza gwiwarsa ta hagu, ya ce ya taɓa faɗowa daga kan tarakta. Mirsodik ya ce masa alfarma ba ta samuwa a kwance.

Zumrad Alimovna tana tsaye bayan kantarta, gashi a rine ja, tabarau a rataye da sarƙa. Ta gan su ta ɗaure fuska yadda ake yi a da. Mirsodik ya tambayi lafiyar jikoki, ya tambayi hawan jini, sannan ya rage murya ya ambaci furen auduga.

"Babu," ta ce da ƙarfi. "Ya ƙare. Ba a san ranar kawowa ba."

Mirsodik ya taka wa Normurod ƙafa, wato ka kalli ikon Allah. Kwalin cakulan ya silale a kan kanta ya ɓace. Zumrad ta dubi gabas, ta dubi yamma, ta dafa kanta ta durƙusa da nishi, ta taso da wani kwali a naɗe da tsohuwar jarida.

"Na ƙarshe ke nan. Na wani babba ne, amma tunda kai ne."

Ban san yadda zan kwatanta daɗin da ya ji ba. Na ce ya ji, to, na ji. Ƙirjina ya buɗe, rago da motoci uku suka koma ba komai ba. Normurod ya dafa ƙirji ya ce, "Suruki, lallai ka isa." Ya je ya biya, ya dawo da rasit, ya rungumi kwalin. Mirsodik ya juya ya nufi ƙofar ma'aikata.

Normurod ya leƙa matakalar, ya dubi kwalin tangaran da ke hannunsa, ya dubi gwiwarsa. "Wallahi, suruki, ba zan iya ba. Hawa na daure, sauka kuwa sai dai a kwashe ni da ni da kofunan." Kafin a ba shi amsa ya ɗingisa ya hau matakala mai tafiya da kanta. Babu yadda Sarki zai yi, ya bi shi, yana riƙe da robar gefenta da hannu biyu.

Matakalar ta sauke su a hankali, kamar da gangan. Hawa na biyu turare da akwatuna. Hawa na ɗaya kuwa, daidai tsakiyar fili, ƙarƙashin babbar fitila, an gina dala da kwalaye har ta fi mutum tsawo. A samanta buta shuɗiya mai furen auduga da ruwan zinari, kofuna sha biyu kewaye da ita. Wata budurwa da lasifika tana shela: rangwamen kaka, wanda ya sayi biyu a ba shi fulas kyauta. Mata biyu suna wucewa ko kallo ba su yi ba.

Normurod ya tsaya ya karanta allon a fili, kalma bayan kalma, irin karatun mutumin ƙauye mai gudun a cuce shi.

"Jabu ne," in ji Mirsodik. Muryarsa ta fito siririya, ya gyara ta da tari. "Wannan shi ake kira kayan 'yan kallo. Ido ba zai bambance ba, sai wanda ya san harkar. Na ƙarƙashin kanta ƙasarsa daban, wutar gashinsa daban. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi..."

Budurwar ta ji. Cikin fara'a ta karɓi kwalin Normurod, ta kware jaridar, ta ciro kofi ɗaya, ta ɗauko wani daga dalar, ta ƙwanƙwasa kowanne da fensir yadda ake gwada tangaran. Wannan ya yi ƙara siririya mai daɗi. Wancan ma ya yi ta, ba ragi ba ƙari.

"Mota ɗaya ta kawo su, baba. In kun ƙara ɗaya, da rasit ɗin sama, fulas naku ne."

Mirsodik ya ce ya manta tabaransa a sama, alhali yana kan hancinsa. Ya hau ya koma wajen Zumrad da niyyar yin magana mai nauyi a kan amana. Ya tarar ta zauna a kujera ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa.

"Ta gaba kuka sauka," ta ce. Ba tambaya ba ce.

"Zumrad Alimovna, shekara nawa muna tare?"

"Zauna, Mirsodik-aka, kada ka faɗi. Matarka Sayyora ta bugo mini jiya da la'asar. Da safe na sauka na ɗauko daga tulin can, na hau da shi, na nemo jarida. Jaridar ma yanzu wahalar samu take."

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar da aka canza kuɗi. Kullum ita ke bugowa ta faɗi abin da za ka nema." Ta zaro kwalin cakulan daga ƙarƙashin kanta ta shafa shi. "Wannan kuma ranar Laraba za ta zo ta karɓa. Ina da ciwon suga, ka sani ko ka manta. Zuwansa huɗu ke nan, dubi gefensa duk ya lauye."

Ya duba. Ya lauye.

"Kada ka ɓata rai," ta ce, ta sassauta murya. "Da, mutane har kuka suke yi a gaban kantar nan. Yanzu yara su zo su ɗauki hoton kaya su tafi, ko sannu babu. Kai kaɗai ka rage mai roƙona. Ni ma ina jin daɗin cewa babu."

Ya sauko. A wannan karon matakalar ba ta ba shi tsoro ba, abin da ke jiransa a ƙasa ne ya ba shi. Normurod yana zaune a benci kusa da ƙofar gilashi, kwali biyu a gefensa, jan fulas a cinya, takalmi ɗaya jiƙe. Mirsodik ya shirya jawabi a hanya, a kan yadda ma'aikatan zamani suka lalace. Normurod ya riga shi.

"Suruki, ka yafe mini. Matarka ta ja mini kunne tun daren jiya, ta ce ta baya za mu shiga, ta baya za mu fita, kome za a yi kada in bar ka ka ga hawa na ɗaya. Na yi mata alkawari. Gwiwar nan ce ta ci amana."

"Wato ka sani."

"Tun kafin mu fito. Javlon ma ya sani, har ya ce in sa tsohon takalmi, ban ji ba." Ya yi 'yar dariya, sannan ya daina. "Ni dai hankalina ya kwanta. Gidan da aka yi shekara talatin ana tallafe da girman tsoho kada ya faɗi, ba za a wulaƙanta mini 'ya a cikinsa ba. Ungo, riƙe mana wannan, hannuna ya cika."

Ya miƙa masa fulas ɗin kyauta. Haka Sarkin Ƙofar Baya ya fita ta ƙofar gaba, gilashi ya buɗe masa kamar yadda ya buɗe wa wata tsohuwa mai jakar albasa da ke gabansa.

Da yamma, a bakin layi, maƙwabcinsa Ergash mai gyaran keke ya hango jan fulas a hammatarsa. Ya ce kai, irin wannan mai kyau a ina ake samu? Na so in ce muku Mirsodik ya faɗi gaskiya. Ya buɗe baki da niyyar hakan, Allah ya sani. Sai ya ji kansa ya waiga hagu, ya waiga dama, ya matso kusa da kunnen Ergash.

"Ba a sayar da shi," ya raɗa. "Amma bari in ga abin da za a iya yi."