Giwar Haulatu Ta Rasa Masauki

"...da gajiyar yawon duniya kuma? An ce har Legas kin leƙa, kina zaune a kan tabarma."

"Gajiya ta bi lafiya. Tashi ka ba uwar ɗakinka kujera."

Sabi'u bai tashi ba, sai ma ya ƙara miƙe ƙafa. Shi da Haulatu taubasai ne, babanta wan babarsa, kuma tun suna ƙanana ba su taɓa gaisawa an rabu salin-alin ba. Shago ne da shi a Gumel, inda yake ba mutane hayar wuri a sabarsa, wato babbar kwamfutarsa, su ɗora shafukansu na intanet. Ita kuwa ta haɗa wa ƙungiyar 'yan riɗin Maigatari shafin da zai riƙa haɗa su da masu saye, ta kuma yi alkawarin buɗe shi ranar kasuwa a gaban shugabanninsu. A kan manhajar PostgreSQL mai tambarin giwa ta gina rumbun bayananta, amma kamfanonin da ta tuntuɓa MySQL mai tambarin kifi kawai suke karɓa. Waɗanda suka yarda da giwar na ƙasar waje ne, katin bankinta ya ƙi wucewa a wurinsu. Abin da ya fi ci mata rai, ita ce ta cika baki a gidan biki cewa ko sabar Sabi'u ce kaɗai ta rage a duniya, gara ta rubuta shafinta a bango.

"Me ya kawo ki? Gawayin rubutu a bango ne ya ƙare?"

"Zuwa na yi in ga yadda talakawana suke fama. Wannan ƙarar fa, sabar ce ko injin markaɗe?"

"Injin markaɗen nan ne ke riƙe da makarantun Gumel har Gagarawa."

"Shi ya sa yara suke faɗuwa jarrabawa."

"To ina giwa? An samo mata turke?"

Nan ta san ya ji labari. Amma ta dake.

"Layi ake yi a kanta. Turawa har kuka suke a waya."

"Kukan katinki ne ya dame su. Ni dai na faɗa miki tun farko, ki bi kifi kamar kowa."

"Garin da ko kogi babu, kai ka ɗauko kifi! Ai shi ya sa shagon nan ke ƙarni."

"Ke da ko akuya ba ki taɓa kiwo ba, kika fara da giwa. Kawu ya ce kazar da ya ba ki ma guduwa ta yi ta kai ƙara."

"Wurinka ta zo neman aiki, ta ga ta fi ka ilimi, ta koma."

Ya yi dariya har da buga tebur. Haulatu ta kalli wayarta, ga kiran shugaban ƙungiya ya sake shigowa. Idan ranar kasuwa ta zo babu shafi, dattawan ƙungiyar ba za su ƙara ba ta aiki ba, kuma za su ce dama sun faɗa. Ta haɗiye girman kanta da ƙyar.

"Sabi'u... a juye rumbun nan zuwa MySQL ba zai yiwu kafin kasuwa ba. Ko za ka iya sa min PostgreSQL a sabarka?"

"Ban ji ba. Injin markaɗe ya cika min kunne."

"Na ce ka taimaka, ɗan banza!"

"Yauwa, yanzu na ji muryarki."

Ya juyo mata da fuskar kwamfutar. Ta zaci yanzu zai fara aikin, sai ga giwa zaune daram, an gama saita komai, ga sunanta a kan wurin. Ta duba kwanan watan: tun makon da ta fara aikin ne.

"Kai! Kana kallo ina ta wahala, ka yi shiru?"

"So nake in ga ranar da uwar ɗaki za ta tako da ƙafarta. Na ma fara tunanin sayar da wurin."

Ta buɗe baki za ta rama, sai dariya ta ƙwace mata, idonta ya ciko.

"Shi ke nan, ka ci. Daga yau na 'yanta ka."

"A'a, riƙe 'yancinki," in ji shi, yana tura mata kujerarsa. "In na tafi, wa zai riƙa kwashe miki kashin giwa?"