Rasuwar Ƴar Baƙa, Salular Illo Mai Gwaji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka gaji da kallon gilashin da ya ƙi kawo haske, Illo Mai Gwaji na unguwar Dar es Salam, nan Yamai, yana sanar da ƴan uwa da abokan arziki da mabiyansa na intanet rasuwar salularsa, wadda aka fi sani da Ƴar Baƙa. Ta cika ranar Talata a cikin kwanon shinkafa, bayan gajeruwar jinya.

Marigayiyar ba ta taɓa fitowa a bidiyo ba, amma duk bidiyon da Illo ya saki da idonta aka ɗauke shi. Shekara da shekaru yana aron sababbin wayoyi a shagon Alhaji Jibo na babbar kasuwa, ya juya su, ya yaba ko ya kushe, ya goge sawun yatsa ya mayar kafin magariba. Ita kuwa tana jingine da gwangwanin madara, tana ɗaukar waɗanda suka fi ta kyau ba tare da hassada ba. Ta jure zafin bazara da ɗaukewar wuta. Ba ta da hayaniya, in ban da ƴar "ting" da takan yi idan an samu sabon mabiyi, sautin da Illo ya fi so a kan kiran abinci.

Ajalinta ta bakin mabiyan ya zo. Sun ishe shi da gori, wai masu gwajin ƙasashen waje suna tsoma waya a ruwa, shi kuwa sai shafa kwali. Wayar aro ba a kai ta kogi, don haka ya ɗauki tasa. Shi da ya sha gaya wa duniya cewa wayar da aka taɓa buɗe bayanta ta yi sallama da juriyar ruwa, ya manta Tanimu mai gyara ya canza mata batir bara. A bakin ruwan Saga ya danna ɗauka, ya nitsa ta da hannunsa. Ta ɗauki mutuwarta da kanta, ta kuma tafi da bidiyon. Ko wannan ɗin bai samu ba. An cusa ta cikin ɗanyar shinkafa don ta tsotse ruwan, amma ba ta farfaɗo ba.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin wuya, da abin kunne mai ji da gefe guda, da gwangwanin madara, da mabiya waɗanda tuni suka fara yabon wani mai gwaji. Ta bar Illo, wanda ya zaɓa wa rabin unguwa waya, ba shi da abin ɗaukar ko fuskarsa. Alhaji Jibo ya yi masa gaisuwa, ya kuma tuna masa cewa aron na nunawa ne, ba na riƙewa ba. Maganar gaskiya, sana'ar Illo ma tana bin marigayiyar a baya. Allah ya ba shi haƙurin rashi.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar a teburin Tanimu, inda za a raba sassanta ga mabuƙata. Shinkafar jinya kuwa, ƙanwar Illo, Balkissa, za ta dafa ta sadaka, tunda ba ta yi wani amfani ba. Masu gaisuwa su tako da ƙafarsu har gida. Kada a kira, babu mai ɗagawa.