Tangaran Mai Ba da Wuta

Hutun Sallah na je gida Mabai da samfurin bincikena na jami'a a aljihu: ɗan gilashi mai shafen tangaran, shafen bai kai kaurin ɓawon albasa ba. Shi kaɗai gare ni, malamina kuma yana jiransa.

A zaure na gyara murya, na shaida wa dattawa cewa babu gubar dalma a cikinsa, kuma in an danna shi lantarki yake bayarwa.

Kawu ya miƙo wayarsa. "Madalla, ɗana. Cajina ya ƙare, danna mu gani."

Na san wutar ko sauro ba za ta girgiza ba, amma ido ya yi yawa. Na yi bismilla, na sa babban yatsa. Ƙas!

Gilashin ya rabe biyu. Kawu ya leƙa wayar ya ce, "Ta kawo?"

Har yau duk wanda wayarsa ta mutu a Mabai, sai a nuna ni a ce, "Kai ma Injiniya ya danna maka."