Yadda Za Ka Kawo Labarin Wasan Ƙanwarka Bayan Forfe Ya Ƙare

Wannan hanya tabbatacciya ce. Na gwada ta da kaina a tsakar gidanmu, nan Matamaye, gaban mutum goma sha tara da akuya biyu. Ta yi aiki minti tamanin da bakwai cikin casa'in. Wanda ya san dabarar da ta kai haka ya fito.

1. Ka samu ƙanwa

In ba ka da ita kar ka ɓata lokacinka. Tawa sunanta Najaha. Shekara biyar ina ce mata ƙwallo ba ta mata ba ce, ta ajiye ta ɗauki tsintsiya. Bana aka kira ta cikin 'yan matan ƙasa, gasar share fage ta yankinmu: ƙasashe kaɗan a rukuni, ta ɗaya ta wuce gasar nahiya, saura kowa ya kama hanyar gida. Ta hau jirgi, ta sauka wata ƙasa ta bakin teku. Ni na faɗi BAC, jarrabawar gama sakandare, sau biyu. Abu mafi tsawo da na taɓa hawa katangar lise ce, makarantarmu.

2. Ka san abin da ke wuyanka

Baba ya ce in kaka ta wuce ba a ga amfanina a gida ba, zan bi Kawu Hashimu ci-rani Kano, turin baro a kasuwa. Ranar wasan ƙarshe na rukuni sai ya sa min forfe a salula, wato intanet na yini guda. Ya ce tunda ni ne mai faransanci, in kalla in fassara wa mutan gida. Amfani ya biyo ka har ɗaki kenan. Ka riƙe shi hannu biyu.

3. Ka ƙone forfen tun da hantsi

Wannan ba sai an koya maka ba. Bidiyo ɗaya na ƙwallon Turai. Sai na biyu. Sai musu da Inusa abokinka a kan mata ba su iya bugun kwana ba, har da tura masa hujja. Ana kiran la'asar saƙo zai shigo. Ka san saƙon.

Masu hankali sun ce forfe kamar sukarin fadar samari ne, ba a sanin ya ƙare sai an zo shayi na uku. Ban san waɗanne masu hankali ba ne. Ni na ce.

4. Zama

Ka ba katanga baya. Fuskar salula ta kalli ƙirjinka. Ka cusa abin ji a kunne ɗaya, ka haɗe gira kamar mai karanta takardar likita.

Kafin nan Inna ta shimfiɗa tabarmi uku. Hajiya Sakina maƙwabciya ta zo da 'ya'yanta da carbi. Baba yana kan kujerarsa, ya kashe rediyo. Ka ji tsoron wannan fiye da kowa.

In wani ya leƙo ka ce rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya son inuwar mutum biyu. Za a matsa. Har akuya za a kora.

5. Ka fara da abin da ba a musu

An busa. Filin kore ne. Ƙwallo ta fita, an dawo da ita. Arbitir, alƙaliyar wasa, ba ta son mu. Duk wannan gaskiya ne a kowane wasa da aka taɓa yi a duniya.

Kar ka bari abokan karawa su ci da wuri, akwai masu hawan jini a kan tabarma. Ka bar su su bugi ƙarfe, a yi salati, a wuce.

Tambayoyin Inna ba na ƙwallo ba ne. Za ta so ta ji ko yarinyar ta rame, ko ta ci abinci, ko kanta a rufe yake. Ka ce ta yi ƙiba, daga gudunta an san ta ci, kai kuwa ko iska ba ta ganinsa. Hajiya Sakina za ta tambaya ko sauran 'yan matan suna da aure. Ka ce kamara ba ta kai nan ba.

6. Kar ka sa ƙanwarka ta ci ƙwallo

Nan na kauce. Niyyata a tashi babu ci, kowa ya watse lafiya. Sai Inna ta ce, a hankali, kamar ba da ni take ba, ita fa ba ta taɓa ganin yarinyar nan tana buga abin nan ba, sai dai ta wanke safa.

Minti na sittin na ba Najaha ƙwallo da kai.

Guɗa ta tashi. Hajiya Sakina ta buga wa 'yar'uwarta a Kurni, ta Kurni ta buga Dungu. Da na ga ta farko ta karɓu sai na ƙara ta biyu, na kwatanta yadda ta yanke mutum uku, ta taka ƙwallon, ta juya kamar za ta koma gida, ta sake ta. Yankan nan ba ƙarya ba ne. Na sha ganinsa a filin lakwal, makarantar unguwa, daga bayan katanga. Ba wanda ya tambaye ka wannan. Kar ka faɗa.

7. Ka tuna ba kai kaɗai ke da salula ba

A lissafina saura minti uku wayar Baba ta yi ƙara. Najaha. Ya buɗe murya kowa ya ji. Inna ta ce ta yaya take waya tana gudu, ta tsaya kar ta faɗi.

Najaha ta ce ba a buga ba. Waɗancan ba su zo ba. Sun yi ta jira cikin fili har arbitir ta busa, aka rubuta musu uku ba ko ɗaya.

"Mun ci da forfe, Inna. Mun wuce."

A ƙwallo, in abokin karawa bai zo ba, shi ake kira forfe. Na sani. Baba, da ya shekara talatin da rediyo a kunne, ya sani. Inna forfe ɗaya ta sani a duniya, wanda aka sa min da safe.

Ta kwashe labarin ƙwallaye biyun ta zuba wa mai su. Ka yi amfani da lokacin nan ka duba inda takalminka yake.

"Yaya Munkaila, ta biyun da wace ƙafa na ci?"

"Hagu."

"To hagu ce, Inna," in ji ta. Ina jin wasu 'yan mata suna shaƙewa da dariya a bayanta.

Inna ta ƙirga a yatsu, ta ce biyu na Najaha, ta ukun fa? Ka ce lokacin inuwar akuya ta gifta.

8. Ka karɓi girma

Kafin magariba unguwa ta gama sani: forfen Munkaila ya hana wata ƙasa guda fitowa fili. Kar ka gyara. Hajiya Sakina za ta ja ka gefe ta ce autanta yana da jarrabawa bana, ko za a iya sa masa irin wanda sauran ɗalibai ba za su zo ba. Ka ce za ka duba.

Inna ta je gaban Baba ta ce yaro irin wannan ba a kai shi turin baro, ga gasar nahiya tafe, ƙasa na bukatarsa. Na sunkuyar da kai irin na mai kunya. Baba ya miƙe, ya naɗe kujerarsa, ya dube ni karo na farko a yinin.

"Abin da ya ci wasa daga Matamaye har bakin teku, daga Kano ma zai ci. Can rezo ya fi ƙarfi."

Sanarwa

Mai wannan rubutu bai ɗauki alhakin hawan jinin kowa ba, ko guɗar da aka yi a banza, ko autan Hajiya Sakina in ya daina karatu. Ƙwallaye biyun nan suna nan a Kurni da Dungu, mai son janye su ya je da kansa. Wanda ya bi matakan nan ya tsinci kansa a motar Kano, ana jiran a buɗe sandar kan iyaka a Ɗan Barto, ba ruwana. Iyaka ya matsa can. Kujerar mutum uku ce, mu biyar ne, kuma Kawu Hashimu ba ya raguwa.